Wace Makaranta a Yamai? Ku Fara Duba Kalandarta Kafin Ku Biya Kuɗin Rajista

Ƙanwata ta shigo gidana bayan la'asar da takardun tallar makarantu har uku a hannunta. An yi wa mijinta canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai, yaransu biyu sun isa koleji, ƙaramar kuma tana firamare. Ta baje takardun a kan tabarma: wannan da hoton ɗakin kwamfuta, wannan da motar ɗaukar yara, waccan da tutocin ƙasashe a jere. Ta ce, "Yaya, kai ka daɗe a garin nan, wacce zan ɗauka?" Na juya takardun gaba da baya, ban ga abin da nake nema ba. Na ce mata ta koma kowace makaranta ta roƙi takarda guda tak: kalandar shekara, wadda aka rubuta ranar buɗewa da ta rufewa, da ranakun hutu, da ranakun jarrabawa.

Ina da dalili. Shekarun baya na sa babban ɗana a wata makaranta mai bin tsarin waje, ban tambayi kalanda ba. Da babbar Sallah ta zo suka ba da hutun kwana biyu, rana ta uku kuma jarrabawar gwaji ce. Daga Yamai zuwa Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wuni guda a mota. Babu yadda za a je a dawo. Muka bar yaron a hannun maƙwabta muka tafi. Da muka sauka Inna ta leƙa bayana ta ce, "Ina angon nawa?" Na rasa abin da zan ce mata. Tun daga ranar na gane cewa kalanda ce ke nuna rayuwar da aka gina makaranta a kanta: ta gidanka, ko ta wani gida a wata ƙasa.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko shi ne ranar buɗewa da ta rufewa, da yadda suka dace da yanayin garin. A Yamai ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, kuma cikin Agusta da Satumba ne kogin Isa, wato Kwara, ke cika ya shiga unguwannin bakinsa. Afrilu da Mayu kuwa ma'aunin zafi yana haura 40 kusan kullum. Makarantar da ta buɗe a tsakiyar Agusta ta ɗauki nauyin damina, wadda kuma take karatu gadan-gadan a Mayu ta ɗauki nauyin bazara.

Na biyu, Sallah da azumi. Nan zan ɗan tsaya, domin nan ne yawancin iyaye ke yin kuskure. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2024 babbar Sallah ta faɗo tsakiyar Yuni, a 2025 makon farko na Yuni. Bisa lissafi, a 2026 ƙarshen Mayu ne, a 2027 tsakiyar Mayu, a 2028 farkon Mayu. Azumi shi ma ya baro zafi ya nufi hunturu: Fabrairu da Maris a 2026 da 2027, ƙarshen Janairu da Fabrairu a 2028. Wannan sauƙi ne ga yaro mai azumi a aji. Amma Layya ta shigo watan Mayu, watan da hukumomin jarrabawa na waje ke zaunar da ɗalibansu. Wanda zai sa yaro a koleji bana, to ya duba inda Sallah za ta faɗo a shekarar da yaron zai rubuta jarrabawar fita, ba inda ta faɗo bana kawai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun ganin wata. A nan Majalisar Musulunci ta Nijar ce ke sanarwa, sau da yawa cikin dare, kuma ba kullum ranarmu ke dacewa da ta maƙwabta ba. A 2024 mun yi ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba 10. Makarantar da ta buga kalandarta tun Yuni, me take yi idan wata ya tsaya kafin ranar da ta rubuta? Ku tambaya. Sannan Layyarmu ba ta wuni guda ba ce. Ranar farko ana yanka, a feɗe, a gicciye raguna a kan itace a zagaye da wuta har dare, mata suna suyar kayan ciki. Sai washegari ake sassarawa a raba wa dangi da maƙwabta, kuma yara ne ƴan aiken. Hutun da bai kai rana ta biyu ba ya yanke wa yaro rabin Sallah.

Na uku, ranakun ƙasa. Idan aka duba da kyau, 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai a 1960 wadda tun 1975 ake dasa itatuwa a cikinta, da 26 ga Yuli, ranar juyin mulkin 2023, da aka ƙara a jerin ranakun hutu a 2024, dukkansu suna faɗowa cikin babban hutu a kusan kowane tsari. Waɗanda ke samun yara a aji su ne 18 ga Disamba, ranar kafa Jamhuriya a 1958, da 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan ƙasa da ke tuna yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995, da 1 ga Mayu ta ma'aikata. Kusan kowace makaranta tana rufewa idan gwamnati ta ce hutu ne. Bambancin yana ga ko an zaunar da yaro an gaya masa dalilin ranar, ko kuwa hutu ne kawai aka ba shi ya kwana.

Na huɗu, wa ke sa ranar jarrabawa: Yamai, Faris, Kembirij, Niyok ko Legas. Na biyar, kuɗi, har da wanda kalanda ke jawowa ba a rubuta shi a takardar rajista ba. Na shida, ɗorewa: abin da aka rubuta a Satumba zai tsaya har Yuni, ko wani abu zai rushe shi?

Tsarin ƙasa

Nan na haɗa makarantun gwamnati, da masu zaman kansu da ke bin manhajar ma'aikatar ilimi, da na franko-arab, masu haɗa karatun Faransanci da na Larabci. Makarantun Turkiyya da gidauniyar Maarif ke gudanarwa su ma galibi manhajar ƙasa suke bi, da ƙarin harshen Turkanci da ƴan bukukuwansu.

A al'ada ana komawa a farkon Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, kaka ta kama. Ba a banza aka tsara shi haka ba: yaron ƙauye yana gona daga Yuli zuwa Satumba, kuma mu da muke birni muna iya tura namu wurin kakanni su yi wata biyu ko uku. Akwai hutu a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, akwai wani wajajen ƙarshen Maris, sai jarrabawar BEPC ta gama koleji da BAK ta gama sakandare a Yuni da Yuli. Hutun Disamba yakan dace da gasar kokawa ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 take kuma zagaya jihohi takwas. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gari ke tsayawa cak a gaban talabijin da rediyo a ranar karon ƙarshe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro ɗan ƙasa.

A batun Sallah babu mai kama wannan tsari. Malam yana azumi, darakta yana da ragonsa, mai gadi ma zai tafi gida. Idan wata ya tsaya ba sai an yi doguwar magana ba. Ma'aikatar da ke sa ranar jarrabawa a Yamai take, mutanenta su ma za su je Idi, saboda haka da wuya ta ɗora takarda a ranar Layya. Franko-arab ta fi kowa a nan, domin azumi da Mauludi da sabuwar shekarar Musulunci suna cikin darasi, ba hutu kawai ba. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1957 aka buɗe madarasar Say, kuma ɗalibin da ya bi shi yana da ƙofar Jami'ar Musulunci da ke Say ɗin, ban da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Jibo Hamani ta Tawa.

Ranakun ƙasa nan ne gidansu. Yaran Tawa da suka ga bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garinsu, Tawa Sakola, na 18 ga Disamban 2017 har yanzu suna ba da labarinsa. Akwai ma ranakun da ba hutu ba ne a takarda amma makarantu sun san da su: 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ta samo asali daga zanga-zangar mata ta 1991, da 9 ga Fabrairu, da ɗalibai ke tuna ƴan'uwansu da aka harbe a gadar Kenedi a 1990.

Kuɗi: ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, sai kayan aiki da gudummawar kwamitin iyaye. Masu zaman kansu hawa-hawa ne, daga mai sauƙi a unguwa har mai tsada, amma duk da sefa ake biya, kuma da yawa suna yarda a biya kashi-kashi. Abin lura guda: watan Oktoba yana haɗa rajista da littattafai da kayan sawa a lokaci ɗaya, gara dai yanzu da kuɗin rago ya koma Mayu, ba su taru a wata guda ba.

Rauninsa shi ne ɗorewa, kuma ba zan ɓoye ba. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. Yajin aikin malaman kwantiragi kan albashi da na ɗalibai sun sha cinye makonni a makarantun gwamnati. Masu zaman kansu sun fi tsira daga yajin aiki, amma ranar buɗewa da ranar jarrabawa ta haɗa su da kowa. Idan aka fara a makare, manhaja ba ta raguwa, sai a matse yara a Afrilu da Mayu cikin tsananin zafi. Wanda ya zaɓi wannan tsari ya shirya malamin gida ko karatun yamma tun daga zangon farko.

Tsarin Faransa

Shekararsu mako 36 ce, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a kan ƙa'idar kusan mako bakwai na karatu sai mako biyu na hutu: ƙarshen Oktoba, Kirsimeti, Fabrairu, Afrilu. A ganina wannan rabon ya fi kowane kyau ga ƙwaƙwalwar yaro, ba ya gajiya har ya gundura. Amma ga uwa mai zuwa ofis, hutun Oktoba da na Fabrairu nauyi ne: ba wanda ke hutu a gidan sai yaron, ƴan'uwansa da ke tsarin ƙasa suna aji, abokan wasansa na unguwa ma haka. Ko a ɗauki mai reno, ko a bar shi da waya a hannu mako biyu.

Manhajar ba ruwanta da addini, babu darasinsa a ciki. Za su rufe ranar Sallah saboda dokar ƙasa, amma ba za su sassauta jadawali don azumi ba, kuma ranakun jarrabawar fita daga Faransa ake aiko su, a watan Yuni. A shekaru masu zuwa wannan bai yi karo da Layya ba, tunda ta koma Mayu, sai dai gwaje-gwajen shiri su ne za su iya faɗawa kanta. Tarihin da yaro zai haddace na ranakun ƙasar Faransa ne, 14 ga Yuli da 11 ga Nuwamba da 8 ga Mayu. Tarihin 18 ga Disamba kuwa sai ku koya masa a gida. Wani abu da ya kamata yaranmu su sani: ranar 20 ga Maris da ake bikin ƙasashe masu amfani da Faransanci, a nan Yamai aka samo ta, domin a ranar ce a 1970 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar waɗannan ƙasashe. A Maris 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga cikinta.

Wannan ya kawo mu ga haɗari, wanda a yau shi ne babban abin dubawa. Sojojin Faransa sun gama fita a Disamban 2023, an rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024, kuma makarantar La Fontaine, wadda ta daɗe tana jan ragamar wannan tsari a Yamai, ta rufe a 2024. Iyayen da yaransu ke ajin ƙarshe sun shiga neman mafita, wasu suka tura su Kwatano ko Lome ko Dakar. Yau idan wata makaranta mai zaman kanta ta ce tana bin manhajar Faransa, tambaya biyu ce: kuna da takardar amincewa daga ma'aikatar ilimin Faransa? Kuma a wane gari ɗalibanku ke zama jarrabawa? Idan amsar ita ce wata ƙasa, ku ƙara kuɗin jirgi da masauki a lissafi. Abu ɗaya mai sauƙi shi ne sefa tana ɗaure da yuro a kan kusan 656, saboda haka kuɗin ba ya tsalle a tsakiyar shekara don canji. Amma da tsada, nesa da aljihun ma'aikaci mai matsakaicin albashi.

Tsarin Amurka da Ingila

A Yamai an san American International School of Niamey, an kuma san Sahel Academy ta ƴan mishan, sannan akwai ƙananan makarantu masu koyarwa da Turanci da ke shirya yara jarrabawar Kembirij. Masu bin tsarin Amurka suna buɗewa a Agusta su rufe a farkon Yuni, kwanakin aji kusan 180. Sun tsere wa ƙarshen bazara da wuri, amma sun shiga damina da ƙafa biyu. Sahel Academy, da yake a bakin kogi aka gina ta, ruwa ya mamaye harabarta a 2012, ya sake a 2020. Ko makaranta tana kan tudu, ku tambayi kanku ta wace hanya yaro zai bi da safe idan an kwana ana ruwa. Kuma buɗewa a Agusta ta yanke tafiyar damina zuwa ƙauye da rabi.

Kalandarsu cike take da bukukuwa: ranar godiya ta Amurkawa a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, dogon hutun Kirsimeti, hutun mako guda wajajen Maris ko Afrilu, ranar al'adun ƙasashe, baje kolin kimiyya, wasanni, bikin yaye ɗalibai da riga da hula. Wasu suna yin Halowin a ƙarshen Oktoba, inda yara ke shigar dodanni. Ni ban ga laifin yaro ya san al'adun wasu ba, na ma ga amfaninsa, domin yaran nan suna fitowa da ƙarfin zuciyar tsayawa gaban jama'a su yi magana. Amma uba Musulmi ya tambaya tun farko: wane biki ne dole, wane ne na ganin dama? A makarantar mishan, darasin Littafi Mai Tsarki yana cikin manhaja, kuma ba su ɓoye ba. Ga iyalin Kirista wannan shi ne abin da suke nema. Ga wanda ba haka ba, ya shiga da saninsa. A tambaya kuma ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a, ko za a bar yaro ya je masallaci.

Matsalar Layya a nan ta fi ƙamari. Jarrabawar AP ta Amurka a makonni biyun farko na Mayu ake yin ta. Ta Kembirij tana farawa daga ƙarshen Afrilu har cikin Yuni. Jadawalin ɗaya ne ga ƙasashe da yawa, darakta a Yamai ba shi ne ke sa ranar ba. Ɗalibin da zai rubuta a 2027 ko 2028 zai iya tashi daga filin Idi ya wuce ɗakin jarrabawa, ko ma ya rasa Idin. Kembirij tana da zama na biyu a Oktoba da Nuwamba, wannan ƙofa ce, amma tana iya jinkirta shiga jami'a.

Kuɗin manyan cikinsu da dala ake faɗa, dubbai a shekara, kuma dala ba ta ɗaure da sefa. Ban da haka kowace takardar jarrabawa da kuɗinta, kowane biki da tasa sayayya. Ta fuskar ɗorewa, ba sa yajin aiki, kalandarsu tana tsayawa kamar yadda aka rubuta. Sai dai malamansu da yawa baƙi ne, idan ofisoshin jakadanci suka ce mutanensu su fita, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, aji yana iya komawa ta intanet dare ɗaya. Ribar tsarin ita ce Turanci, wanda dokar sabunta ƙasa ta 2025 ta sa shi harshen aiki tare da Faransanci, yayin da ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Tsallakawa Najeriya

Mutumin Yamai bai cika tunanin wannan ba, amma ga ɗan Adar tsohuwar hanya ce. Daga Ƙonni ka taka Illela, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Zango uku ne, daga Satumba zuwa Yuli. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB wajajen Afrilu da Mayu, sai na gama sakandare, WAEC a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, daga nan sai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya. A arewa Sallah Sallah ce, har ma a 2025 jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun tsara hutunsu ya dace da azumi. Sai dai Sarkin Musulmi ne ke sanar da wata a can, ranar tana iya saɓawa da tamu, kuma ranakun ƙasa da yaro zai tashi da su 1 ga Oktoba ne da 12 ga Yuni.

Faɗuwar naira tun 2023 ta sa mai sefa yana ganin sauƙi. Amma haɗari biyu ne ba na wasa ba. Iyaka ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa bayan Yulin 2023 har Maris 2024, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Na biyu shi ne tsaro: an kwashe ɗalibai daga makarantun kwana a Ƙanƙara a Disamban 2020, a Jangebe a Fabrairun 2021, a Birnin Yawuri a Yunin 2021. Ni dai ba zan kai yaro makarantar kwana da ke bayan gari ba, komai arharta. Cikin birni, a hannun dangi, wannan magana ce daban.

A taƙaice a tebur

| Ma'auni | Tsarin ƙasa | Faransa | Amurka da Ingila | Najeriya |
|---|---|---|---|---|
| Buɗewa | Oktoba | Satumba | Agusta ko Satumba | Satumba |
| Rufewa | Yuni zuwa Yuli | Ƙarshen Yuni | Yuni | Yuli |
| Sallah da azumi | Sun dace sosai | Ranar hutu kawai | Ranar hutu kawai | Sun dace a arewa |
| Mai sa ranar jarrabawa | Yamai | Faransa | Amurka ko Ingila | Najeriya |
| Karo da Layya, 2026 zuwa 2028 | Da wuya | Kaɗan | Mai yiwuwa ƙwarai | Mai yiwuwa |
| Kuɗi | Sefa, daga kyauta zuwa matsakaici | Mai tsada | Mafi tsada, da dala | Naira, da sauƙi |
| Babban haɗari | Ambaliya, yajin aiki | Siyasa, wurin jarrabawa | Tafiyar malamai baƙi | Iyaka, tsaro |

Wa ya dace da wanne

Idan rayuwarku a nan take, iyayenku suna Tawa ko Madawa ko Keita, kuna son yaro ya yi Sallah a gaban kakarsa ya kuma shiga jami'ar ƙasa, ku ɗauki makaranta mai zaman kanta mai bin tsarin ƙasa, wadda kuka ga sakamakonta na BEPC da BAK da idonku. Idan kuna son Larabci da addini su tafi tare da boko ba tare da yaro ya rabu biyu tsakanin safe da yamma ba, franko-arab. Idan aljihu bai kai ba, ta gwamnati da malamin gida ta fitar da likitoci da injiniyoyi da yawa a ƙasar nan, sai dai ku sa ido a kan makonnin da aka rasa.

Idan aikinku na yawo ne, bana Yamai baɗi Abijan ko Dakar, kuma yaro ya riga ya yi nisa a tsarin Faransa, kada ku cire shi a ajin ƙarshe. Ku tabbatar da takardar amincewa da wurin jarrabawa kafin ku biya ko jika guda. Wanda zai fara daga ajin farko kuwa, a halin da ake ciki ba zan ba shi shawarar wannan hanya ba.

Idan ma'aikatarku ce ke biyan kuɗin, ko kun ƙudura yaro zai yi jami'a da Turanci a Gana ko Kanada ko Amurka, tsarin Turanci ya cancanci tsadarsa. Ku zauna da darakta ku lissafa shekarar jarrabawar yaron da ranar Layya, ku kuma yarda tun yanzu cewa akwai shekarar da ba zai bi ku ƙauye ba. Idan kuna bakin iyaka, kuna da ɗan'uwa amintacce a cikin Sakkwato ko Kano, kuma yaro ya mallaki hankalinsa, Najeriya tana ba da Turanci da kuɗi kaɗan.

Ƙanwata ta dawo bayan kwana huɗu da kalanda biyu, makaranta ta uku ta ce tata ba ta fito ba tukuna, sai muka ajiye ta gefe. Muka ɗora biyun a kan kalandar bango mai watannin Musulunci, muka ja layi a kan Mayu. Na ce mata abin da ya fi muhimmanci a gidanta shi ne yaran uku su kasance a tsari ɗaya, don su yi hutu tare, mota ɗaya ta kai su Tawa ta dawo da su. Ta yi shiru tana kallon takardun, sannan ta ce, "To Yaya, bari in kira babansu." Sun sa su duka ukun a mai bin tsarin ƙasa da ke kusa da gidansu, da ƙarin darasin Turanci ranar Asabar.